Hular Sallah a Shelar Gidan Kaji

Da ƙarfe goma da kwata na safe, ranar kasuwar Gummi, Alhaji Bawa ya tare ni a bakin rumfar shayi. Waɗanda ke wurin su ne ni, Shehu mai shela, da Altine mai shayi, da Ɗanjuma wanzami, sai wani Bafillace da ya zo a yi masa cigiyar karsana. Na jera su ne domin duk suna nan da ransu. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri ya je ya tambaye su.

Alhaji ya ce ya gina gidan kaji a kan hanyar Bukkuyum, yana neman ma'aikata uku, yana so in yi masa shela. Na yi masa tambayoyin da nake yi wa kowa, a jere. Wane aiki ne? Ya ce shara, ba da abinci, da kwashe ƙwai. A ina? Ya kwatanta mini, har da itacen tsamiyar da ke bakin ƙofa. Nawa ne albashi?

Ya gyara babbar riga, ya dubi sama kamar mai neman wata.

"Malam Shehu, in sun zo mu daidaita."

"Alhaji, za a tambaye ni."

"Ka ce musu su zo dai. In na hwaɗi kuɗɗi cikin kasuwa, mai kyau ba ya zuwa, sai maras kyau. Kuma ai kai ma kana ɓoye alama in kana cigiya."

Zan dawo kan wannan magana tasa, domin a nan ya ruɗe ni. Amma kafin nan sai na yi wa yaran yanzu bayani, waɗanda suka sayi ƴar lasifikar caji, suka ɗauki muryarsu a ciki, suka rataya a babur tana ta maimaita abu ɗaya, suna cewa sun zama masu shela. Ba ku zama ba. Ku zauna ku ji.

Na koyi aikin nan a Anka wurin Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Shi bai taɓa riƙe makirfo ba. Hannu yake sa wa a bayan kunne, ya ɗaga haɓa, a ji shi daga layin masu hatsi har kara, inda ake sayar da dabbobi. Da na je wurinsa, abin da ya fara ba ni shi ne benci. Ni nake ɗauka a ka, in aje inda ya nuna, in danna ƙafafunsa in ga ba ya rawa. Mai shela da ya faɗo daga benci, ko gaskiya ya faɗa ba wanda zai tuna ta, faɗuwar za a tuna. Bayan benci sai murya. Yakan kai ni bakin fadama, ya nuna mini manomi a can ƙetare, ya ce in yi sallama har sai mutumin ya aje fartanya. Idan waiwaye kawai ya yi, ban ci ba. Akwai wani manomi da na dame shi damina guda, ran nan ya aje fartanyar, ya ɗauko sanda, ya ƙetaro. Baba Nomau ya ce, "Madalla, murya ta kai." Ni kuwa ina can na kai gida.

Sai kayan aiki. Yanzu ina da ƙahon lasifika, da batir da nake ɗaure wa a bayan babur da roba, da makirfo wanda na sa wa safa saboda kada iska ta shiga. Maƙogwaro ma kayan aiki ne. Ba na shan ruwan sanyi ranar kasuwa, ba na cin gyaɗa, ina tauna citta da kanumfari. Wanda ya ci gyaɗa ya hau benci, a tsakiyar sunan mamaci tari zai kama shi, kuma dangin ba za su yafe ba.

Ita shela kanta tana da jeri. A fara da salati, domin mutane su yi shiru. A yi sallama. A faɗi wanda ya aiko. A faɗi magana. A faɗi wuri da lokaci. Sannan a tsaya. Wannan tsayuwar ita ce sana'ar, ita ce kuma ƴar lasifikarku ba ta iya ba. Kana tsaye a kan benci, kasuwa za ta jefo tambaya, kai kuma dole ka amsa, domin a idon jama'a maganar taka ce, ba ta wanda ya aiko ka ba. Shi yana gida yana shan fura.

A cigiyar dabba, gaskiya ne, muna ɓoye alama ɗaya. Idan an tsinci tunkiya, zan ce fara ce, mai baƙin kai, amma ba zan ce kunnenta na hagu a tsage yake ba. Wanda ya zo ya ce tasa ce, sai ya faɗi abin da na rage. Ana yin haka ne saboda a kama maƙaryaci. Da wannan Alhaji Bawa ya kama ni. Sai da na koma gida daga baya na yi tunani, na ga ai mai neman aiki ba ɓarawon tunkiya ba ne. Amma a lokacin kasuwa ta cika, sai na karɓi shelar a haka.

Saura abu ɗaya, shi ne tufafi. A zamanin Baba Nomau, idan babban mutum ya aiko a yi masa shela, yakan ba da riga ko hula, mai shela ya sa a jikinsa ya hau benci da ita. Saboda haka mutanen ƙasarmu suka saba, kafin su saurari bakin mai shela sai sun dubi jikinsa, su auna nauyin wanda ya aiko shi. An daina ba da rigar, amma ba a daina dubawa ba. Shi ya sa nake da kayan aiki guda, taguwa ruwan ƙasa da wata tsohuwar hula, su kaɗai nake hawa benci da su, ko shelar biki ce ko ta jaki.

To, a daren jajiberin wannan kasuwa matata Hassi ta ga hular a rataye, ta ce ta gaji da warinta, ta jiƙa ta da omo. Hular ba ta taɓa ganin ruwa ba in ba na sama ba. Da safe aka ɗaga ta, saman ya fito, gefen ya zauna a cikin bokiti. Ba ni da wata sai hular Sallah, mai aiki shuɗi da ruwan gwal. Na sa ta. Hassi ta dube ni ta ce wannan hula ba ta hawa kan taguwar nan, mutane za su ce sato ta na yi. Ta ɗauko shaddar Sallah. Shadda kuma ba ta tafiya da silifas. Haka na fito gida kamar mai zuwa ɗaurin auren kansa. Ina so a lura, ni ban wanke hula ba, ban kuma ɓoye albashi ba. Ni dai na hau benci.

Na yi salati, na yi sallama, na ce Alhaji Bawa yana neman ma'aikata a gidan kajinsa, a hallara ranar Asabar da hantsi. Na tsaya.

Wani daga layin masu albasa ya ɗaga murya. "Baba Shehu, nawa na albashi?"

"Alhaji ya ce in kun je ku daidaita."

Kasuwa ta juyo wurina. Na ga idanu suna tashi daga takalmina, su bi shadda, su tsaya a kan hula. Sai Altine mai shayi, wanda a gabansa aka yi komai, ya aje buta ya ce, "Jama'a, mi kuka tambaya? Ku dubi hulla mana!"

Na ce a cikin makirfo, "Wannan hular Sallah ce. Tawa ce. Matata ce ta wanke waccan."

Ɗanjuma wanzami ya kaɗa kai. "Kun ji? An hana shi hwaɗi. Kuɗɗin sun yi yawa, tsoro aka ji."

Na rantse musu. Duk rantsuwar da na yi, albashin ƙaruwa yake yi. Da na sauko, Bafillacen nan ya ce in bar cigiyar karsanar tukuna, ya tambaye ni ko kaji suna bukatar makiyayi.

Maganar ta bi motocin kasuwa. Kafin ta kai Nasarawa Burkullu an ce kowane ma'aikaci za a ba shi babur. A Gwashi aka ce har da kujerar Makka bayan shekara. Wani direba da ya dawo daga Anka ya ce a can an tabbatar kajin daga ƙasar waje aka kawo su, fanka ake kunna musu, mai kula da su ma a ƙarƙashin fankar zai kwana. Ƙanin matata, Mani, yana aiki a injin niƙa. Ya zo gidana ya ce ya sallami maigidansa.

"Mani, ka haukace? Ban san albashin nan ba."

"Haba mijin Yaya, ko ni za ka ɓoye ma? Kai dai ka sa baki."

Na juya wurin Hassi na ce ta gaya masa yadda aka yi da hula. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Ni dai na san na wanke waccan. Amma, Malam, tun ran nan ina ganin tafiyarka ta canza. In an ba ka wani abu ka hwaɗi, ba roƙo za mu yi ba." Matar da ta jiƙa hular da hannunta ke nan.

Ranar Asabar na je gidan kajin, domin Baba Nomau ya koya mini cewa abin da ka yi wa shela ka je ka gan shi da idonka. Hula kuwa har lokacin ban sayi wata ba, sai na sake sa ta Sallah. Tun daga nesa na hango babura a jere kamar ana taron siyasa. Akwai tela da ya rufe shago. Akwai mai faci. Akwai wani malamin makaranta da takardunsa a leda. Ɗanjuma ya zo, kuma a bayansa akwai wani mutum da rabin kai a aske, ya biyo shi ne a ƙarasa masa, da ya ga layi shi ma ya shiga.

Alhaji Bawa ya fito yana murmushi. Ya ce kafin a yi maganar kuɗi sai an yi gwaji. Aka raba tsintsiya, ba ta isa ba, wasu suka karyo reshe. Aka share gidan, aka share bayan gidan, aka share hanya har bakin kwalta. Aka jido ruwa, aka kwashe kashin kaji aka zuba a buhu. Malamin makaranta da tela suka yi kokawa a kan kaza guda, kowa yana so a ga shi ya iya riƙo. Kajin da suka ga wannan taro suka taru a kusurwa ɗaya suna haki.

Da la'asar ta yi, mutane suka zauna a gindin tsamiya, ƙura har gira. Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce albashi shi ne, duk ƙwan da ya fashe na ma'aikaci ne. Kashin kaji kuma za a ba kowa buhu ya kai gona. Kuɗi kuwa, idan kaji suka kama ƙwai sosai, za a duba.

Na ɗauka kansa za su yi. Ko kallonsa ba su yi ba. Gaba ɗaya suka juyo wurina.

"Kai kak kira mu!" in ji Ɗanjuma.

"Ni na ce muku ban sani ba."

"Bakinka yac ce haka nan. Hullarka hwa?"

Mai rabin aski ya ce shi a biya shi rabin kansa. Mani yana ta faɗin, "Mijin Yaya, injin niƙa! Injin niƙa!" kamar ni na cinye injin. Ban yi gudu ba, domin ba girmana ba ne, amma na yi sauri. Kafin in tayar da babur wani hannu ya zo ta baya ya cire hular. Ban ga mai hannun ba.

Kasuwa ta gaba aka kai ƙarata wurin sarkin kasuwa. Ya saurari kowa, ya ce ni ban yi ƙarya ba, amma na hau benci da maganar da ba ta cika ba, kuma jama'a sun wahala. Ya ce a ɗauke bencina a kai ofis, kada in sake shela a cikin kasuwa sai ya neme ni. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na koma bin ƙauyuka, can ma labari ya riga ni. In na yi shelar rigakafin shanu, sai wani ya ce in juya su ga bayan rigar. Na yi cigiyar jaki a Bukkuyum, wani yaro ya ce, "Baba, nawa na albashin jakin?" aka kwashe da dariya, jakin kuma ba a same shi ba. Masu biki suka daina aiko mini. Batirina ya mutu don rashin aiki. Mani ya tare a gidana, yana cin tuwo sau uku a rana, ya ce ai ni na kore shi daga niƙa.

Bayan kaka, ina zaune a ƙofar gida ina goge ƙahon lasifika, sai ga Alhaji Bawa. Ya rame. Ashe tun ranar gwaji kajin suka firgita suka daɗe ba su yi ƙwai ba. Mutum biyun da suka yarda suka zauna, da suka ga ƙwai ba ya fashewa da kansa, sai suka riƙa taimaka masa. Ya kore su. Ya liƙa takarda a bangon tasha, ya sa an tura a waya, ba wanda ya zo. Shi da ƴaƴansa ke kwasar kashi.

"Malam Shehu, ka taimake ni da shela guda."

"Ba ni da benci, Alhaji. Kai kas sa anka ɗauke shi."

"In na roƙi sarkin kasuwa hwa?"

Na ce ina da sharaɗi. Zan yi salati, zan yi sallama, zan faɗi aiki da wuri. Idan aka zo tsayuwa, shi zai hau benci ya amsa da bakinsa. Ya ce wannan tozarci ne. Na ci gaba da goge ƙaho. Ya tafi, ya kai bakin lungu, ya dawo.

Sarkin kasuwa ya yarda da shela ɗaya tak. Ya ce in aka sake samun rigima, bencin zai ba masu nama su riƙa sara a kai.

Na yi tunanin abin da zan sa. Kowace hula na ɗauka, za a karanta ta. Saboda haka na yanke shawarar da ban taɓa yi ba tun da na balaga, na shiga kasuwar Gummi da kai a buɗe. Da na hau benci, sanƙona yana ƙyalli, sai na ji Altine yana cewa, "Wayyo, Alhaji ya tsiyace. Har hullar mai shela ya amshe." Na gane mutanenmu ko tsirara ka zo sai sun karanta wani abu.

Na yi shela a jere, na tsaya. Kasuwa gaba ɗaya ta ce, "Nawa na?"

Na sauko, na riƙe wa Alhaji benci, ya hau. Na miƙa makirfo daidai bakinsa.

"Jama'a, albashi dai daidai gwargwado..."

"Nawa na?"

"Ai mu duka ɗaya muke, ba a..."

"Nawa na?"

Ya sunkuyo ya raɗa mini adadin a kunne, don in faɗa a madadinsa. Ya manta makirfo yana tsakaninmu. Ƙaho ya kai raɗar har kara. Kasuwa ta yi ihu. Wata tsohuwa mai daddawa, Inna Ige, ta miƙe ta ce, "Alhaji, wanga ko kazarka ba ta amsa tai. Ƙara!" Ya ƙara kaɗan. Ta ce, "Albarka." Ta juya baya kamar mai barin rumfa. Ya ce to ta tsaya. Haka aka yi cinikin albashi a bainar jama'a kamar ana sayen akuya, mai albasa yana sa baki, masu hatsi suna shaida, har aka tsaya a inda Inna Ige ta ce, "To, ya yi, amma ban da ƙwai fasasshe, wannan kyauta ta." Ita ba aikin take so ba. Ta ce ta tsani ganin an yi ciniki ba daidai ba ne kawai.

Babu tela a wannan karon, babu malamin makaranta. Kowa ya ji adadin, ya auna da abin da yake samu, ya ci gaba da harkarsa. Mutum huɗu suka ɗaga hannu, aka ɗauki uku a nan take, har da Mani, wanda ni na ɗaga masa hannun da kaina. Suna can har yau. Sarkin kasuwa ya ce in tafi da bencina. Na ɗora shi a ka kamar ranar farko a Anka, ya kuma rufe mini sanƙo.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini shelar aiki, ko mai shago ne, ko mai makaranta, ko mai gidan ruwan leda, tambaya ta uku, wato ta albashi, ita ce ta farko. Idan ya ce "mu daidaita", sai in nuna masa benci in ce ya hau. Yawancinsu sukan tuna adadin kafin su ɗaga ƙafa. Ina ganin takardun da ake liƙawa a tasha da waɗanda ƴaƴana ke nuna mini a waya. Za a rubuta ana son mai gaskiya, mai haƙuri, mai ƙwarewa, mai zuwa da wuri, a cika shafi, wurin kuɗi kuma a yi shiru. Mai rubuta wannan ya sani, mutane ba sa barin wurin a fili. Za su cike shi da abin da suka ga dama, su bar injin niƙansu su zo, kuma a ƙarshe wani bawan Allah ne zai rasa hula.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu biyu. Idan kai ne mai neman ma'aikaci, ka faɗi abin da za ka biya tun a shelar farko, ko kaɗan ne, wanda ya ga zai iya ya zo. Idan kuma kai ne wanda na hango a wurin wani suna a Bukkuyum, a sahun baya, da hula mai aiki shuɗi da ruwan gwal, wadda ta yi maka yawa har tana sauka kan kunnuwanka, ka kai ta rumfar Altine mai shayi ka aje. Ba zan tambayi sunanka ba. Akwai alama ɗaya a cikinta da ban faɗa ba, kuma idan Sallah ta zo ba ka kawo ba, zan hau benci in faɗe ta.